Sabuwar Tukunya Tana Yoyo: Laifin Ƙarfen Ne Ko Laifin Hanyar Da Ya Bi?

Kifa tukunyar dalmar gidanku ka duba gindinta. A tsakiya, ko dab da tsakiya, za ka ga wani zagayayyen tabo da aka goge da magagari, wani lokaci ma biyu ne idan tukunyar babba ce. Wannan tabon shi ne cibiyar tukunyar. Ta nan narkakken ƙarfe ya shiga ranar da aka zuba ta. Ko za ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo, ko za ta fara ɗiga tun amarya ba ta gama zaman ɗaki ba, mafi yawan hukuncin an yanke shi ne a 'yan daƙiƙoƙin da ƙarfen ya yi yana wucewa ta wannan ƙofar.

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, in ka baro kara da hayaniyar dillalan shanu da raƙuma, za ka tarar da tukwanen nan a jere suna ƙyalli, daga mai cin rabin mudu har wadda yaro zai iya zama a ciki. Haka suke a sauran kasuwannin masarautar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar. Uwar amarya ko mai abincin sayarwa za ta ƙwanƙwasa tukunya ta saurari ƙara, ta ɗaga ta saitin rana ta ga ko haske zai ɓullo. In duk da haka aka je gida ta yi yoyo, maganar ɗaya ce: an yi algus, ƙarfen ba shi da kyau. Ni dai ina ganin an cika gaggawa wajen wannan hukunci. Ana iya ɗibar narki ɗaya daga kasko ɗaya a zuba tukwane biyu, ɗaya ta fito garau, ɗaya ta fito da ƙofofi kamar rariya. Ƙarfen bai canza ba tsakaninsu. Yadda ya shiga ne ya bambanta.

Akwai wani littafi da ya gina kusan dukkan hujjarsa a kan wannan batu, Castings Practice: The 10 Rules of Castings, wanda John Campbell na Jami'ar Birmingham a Ingila ya fitar a 2004. Abin da nake so mu yi shi ne mu auna tukunyar kasuwa da ma'aunin littafin, sannan mu juya mu auna littafin da tukunyar. Kowannensu yana da inda ya gaza.

Kafin nan, gyara ɗaya. Tukunyar dalma ba da dalma ake yin ta ba. Alminiyom ce, abin da iyayenmu ke kira sanholo ko gorar ruwa, wanda 'yan gwangwan ke tarowa daga tsofaffin injina da gwangwanayen lemo da firam ɗin taga. Riƙe wannan sunan a ranka, don akwai wata magana marar daɗi a cikinsa.

Maƙerin zubi ba ya dukan ƙarfe a kan uwar maƙera kamar maƙerin baƙi. Shi aikinsa rabinsa gini ne da yashi. Yana da tukunyar kwatance, wadda galibi an tsaga ta gida biyu don ta zaru, da akwatin katako ko na ƙarfe marar gindi. Zai cusa yashi mai danshi a cikin tukunyar ya danne, ya kifa ta, ya kewaye ta da akwati, ya cika da yashi ya kirɓa. In ya buɗe akwatin ya cire kwatancen ya mayar ya rufe, sai a sami wani siririn fili tsakanin yashin ciki da na waje, kaurinsa 'yan milimitoci. Wannan filin shi ne tukunyar da ba a haifa ba tukuna. Hanyar shiga kuwa da guntun bututu ko sanda ake yin ta: a tsayar da shi a kan gindin tukunyar da ke kife, a cika yashi, a zare shi, a ɗan buɗa bakin ramin. Shi ke nan. Rami ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa gindi.

Yashin ma ba kowanne ba. Jihar nan sunanta ya riga ya faɗi halinta, jigayi ne da rairayi, amma rairayi zalla ba ya riƙe siffa sai an gauraya shi da laka da ɗan ruwa. Sannan ga wani abin dariya: alminiyom yana tsukewa da kusan kashi 1.3 cikin ɗari na tsawonsa in yana hucewa, don haka in aka kwafi tukunya daga tukunya, aka sake kwafa daga wadda aka kwafa, jika takan fi kaka ƙanƙanta. Sana'ar kanta ba tsohuwa ba ce sosai. Emily Lynn Osborn, masaniyar tarihi a Jami'ar Chicago, ta nuna cewa zubin tukwanen alminiyom ya bazu a Afirka ta Yamma ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun masu sana'a da suka riƙa ƙaura daga gari zuwa gari suna koyar da yara. Wato ba gadon shekaru dubu ba ne da za a ce taɓa shi rashin kunya ne. Dabara ce da aka karɓa aka gyara, kuma tana iya karɓar wani gyaran.

A masana'anta, abin da maƙerinmu ya taƙaita a rami ɗaya an raba shi gida-gida. Ka tuna mai lambu: ba ya kwara ruwan rijiya kai tsaye a kan dashe, sai ya bi da shi ta hanya, ya rage masa ƙarfi, sannan ya buɗe masa ƙofa zuwa fangali. Haka nan akan haƙa ɗan tafki a saman yashi inda ƙarfen zai fara sauka. Daga nan ya gangara ta maƙogwaro har can ƙasan akwati, ya kwanta ya bi magudana, sannan ya shiga filin ta ƙananan ƙofofi daga ƙasa, yana hawa sama a hankali kamar ruwa a randa. A wuraren da suka yi kauri kuma a kafa rumbu, wato ajiyar narkakken ƙarfe da zai riƙa ciyar da wurin yayin da yake daskarewa, domin alminiyom zalla yana rasa kusan kashi 7 cikin ɗari na girmansa in ya tashi daga ruwa zuwa sandararre. In babu mai cike giɓin, sai rami ya zauna a ciki.

To me ya sa za a sha wannan wahala? Amsar tana cikin kwanon kunu.

Ajiye kunu ko dafaffiyar madara na ɗan lokaci, za ka ga yana ta rufe sama. Narkakken alminiyom ma haka yake, sai dai shi ba ya jiran ya huce. Da zarar ya haɗu da iska, kafin ƙiftawar ido, oksijin ya kama fuskarsa ya yi masa yana. Siririya ce ƙwarai, ana auna kaurinta da nanomita, amma ba ruwa ba ce. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, ita kuwa yanar sai an haura digiri 2,000, zafin da gawayi da zuga-zugin maƙeri ba za su kai ba. In tana zaune a samanta ba ta da laifi. Ita ce ma take hana tukunyarka yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Matsalar tana farawa ne in ƙarfen ya fantsama ko ya yi tsalle ya faɗo kan kansa. Nan sai yanar ta ninku, busasshiyar fuska ta haɗu da busasshiyar fuska, ta nutse cikin narkin. Fuskokin nan biyu ba sa mannewa da juna har abada. Kamar ka tura leda mai ninki biyu cikin bulo kafin siminti ya kama ne: daga waje bulon lafiya lau, a ciki kuwa akwai tsaga tun ranar da aka buga shi.

Wannan ninkakkiyar yana ita ce zuciyar littafin Campbell. Kuma mutumin ba a ofis ya zauna ya ƙirƙiro ta ba. A ƙarshen shekarun 1970 yana cikin waɗanda suka samar da hanyar zubi ta Cosworth don injinan motocin tsere, inda ba a kwarara ƙarfe daga sama sam, famfo ne ke tura shi daga ƙasa. Daga baya a Birmingham shi da ɗalibansa suka riƙa ɗaukar hoton bidiyo na ƙarfe yana gudu a cikin yashi da na'urar hoton ƙashi irin ta asibiti. A 1992 suka buga sakamakon da ya zama doka ta biyu a littafin: in gudun narkakken alminiyom ya wuce kusan rabin mita a daƙiƙa ɗaya, fuskarsa takan fara karyewa tana haɗiye yana.

Rabin mita a daƙiƙa. Ka san nisan faɗuwar da ke kawo wannan gudun? Kimanin milimita 12.5, tsawon farcen yatsanka. Lissafin tsoho ne, tun zamanin Torricelli ɗan Italiya a shekarun 1640: in kana son gudu ya ninka biyu, sai tsayin faɗuwa ya ninka huɗu. Santimita 5 yana ba da mita 1 a daƙiƙa, santimita 20 yana ba da mita 2. Yanzu koma maƙera. A ce bakin ludayin yana santimita 10 sama da akwati, ramin kuma zurfinsa santimita 10. Kafin ƙarfen ya taɓa yashin ciki yana gudun mita 2 a daƙiƙa, ninki huɗu na iyakar da aka gindaya. Ka taɓa kallon mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa don ya yi kumfa? Abin da ke faruwa a gindin tukunyar ke nan, sai dai kumfar shayi takan kwanta, ta alminiyom kuwa a ciki take daskarewa.

Ba a nan ya tsaya ba. Tsiyayi ruwa daga buta ka lura: yana fita da kauri, yana ƙasa yana sirancewa, saboda gudunsa yana ƙaruwa. In ramin da ƙarfe ke bi faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, kamar yadda guntun bututu ke barinsa, to ƙarfen ba zai cika shi ba. Fili zai ragu a gefe, iska ta bi ta nan, ƙarfen ya riƙa jan ta yana tafiya da ita. Kowane kumfan iska da ya shiga yana da tasa yanar, kuma in ya taso yakan bar sawu a bayansa. Shi ya sa ake son maƙogwaro ya zama mai faɗi a sama mai tsukewa a ƙasa, daidai da siffar ruwan buta, ta yadda zai kasance cike taf daga farko zuwa ƙarshe.

Bayan ƙarfen ya daki yashin ciki, sai ya watsu ya fara gangarowa ta bangon tukunya. Ba ya saukowa bai ɗaya kamar labule. Yakan rarrabu ne kamar ruwan sama a jikin katanga, wani zare ya riga wani, kowanne sanye da rigar yanarsa. Inda zare biyu suka haɗu bayan sun ɗan huce, yanarsu takan tsaya a tsakani. Wasu daga cikin layukan da kake gani a jikin tukunya kamar jijiya, ban da layin da rabin akwati ya bari, nan ne asalinsu. A manyan tukwanen biki da mutum biyu ke zubawa lokaci ɗaya daga ramuka biyu, in ɗaya ya riga ɗaya da daƙiƙa biyu kawai, mahaɗar tana iya zama wurin da tukunyar za ta tsage wata rana.

Sai kuma abokin tafiyar yana, wato haidirojin. Shi ne iskar da ke narkewa sosai cikin ruwan alminiyom, kuma daga danshi yake zuwa: jiƙaƙƙen gawayi, gwangwani mai ragowar lemo, ƙarfe mai baƙin mai, ludayin da ya kwana a raɓa. Da ƙarfen ya fara daskarewa, abin da zai iya riƙewa yakan faɗi da kusan ninki ashirin, dole ragowar ya nemi mafita. Ina ya fi sauƙi? Tsakanin ninkin yana. Sai ya hura ta kamar balan-balan. In bango milimita uku ne kuma ninkin ya ratsa daga ciki zuwa waje, ga ƙofar yoyo ta samu.

Gwajin da ya fi burge ni a aikin mutanen Birmingham shi ne wanda Green da Campbell suka yi a farkon shekarun 1990. Sun zuba sandunan alminiyom iri ɗaya, wasu da hargitsi wasu cikin natsuwa daga ƙasa, suka riƙa jan su har su tsinke. Abin lura ba wai na hargitsin duk sun lalace ba ne. Wasu sun yi ƙarfi sosai. Amma ƙarfinsu ya warwatsu, ba ka iya cewa ga inda na gaba zai tsinke, alhali na natsuwar sun taru kusa da juna. Wannan warwatsuwar ita ce abin da muke kira sa'a a kasuwa. "Tawa ta yi ƙarko, taki ba ki yi sa'a ba." Ba sa'a ba ce, inda ninkin ya faɗa ne.

Har zuwa nan littafin ya ci tukunya da yaƙi. Amma tsaya.

In ka ɗauki dokokin nan ka kai wa maƙeri ka ce ya zuba daga ƙasa a hankali, tukunyar farko da zai fitar rabi za ta zama. Dalili kuwa akwai wani lissafin, na Nicolas Chvorinov, wanda ya buga a 1940: lokacin daskarewa yana tafiya ne da kaurin abu ninki cikin ninki, wato in ka rage kauri da rabi, lokacin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kan injin mota yana da kauri, yana iya jira. Bangon tukunya siriri ne, ga faɗi, ga yashi mai sanyi da danshi ta fuska biyu yana zuƙe zafi. Tsere ne tsakanin cikawa da daskarewa, kuma 'yan daƙiƙoƙi ne. Littafin da kansa yana da doka ta uku da ta ce kada gaban ƙarfe ya taɓa tsayawa. A bango siriri, ba tare da famfo ko na'urar auna zafi ba, doka ta biyu da ta uku suna jan juna: ɗaya ta ce sannu, ɗaya ta ce kada ka tsaya. Maƙeri ya zaɓi sauri, kuma a halin da yake ciki zaɓin nan ba wauta ba ne. Tukunya mai ɗan ƙaramin yoyo ana iya like ta a sayar. Rabin tukunya sai dai a mayar kasko.

Akwai kuma maganar gawayi. Duk ƙarfen da ya cika tafki da magudana da rumbu sai an narka shi, daga baya a yanke a sake narkawa. A masana'antun zubin yashi wani lokaci kusan rabin abin da aka narka a nan yake tafiya. Ka faɗa wa mutumin da ke sayen gawayi da buhu a bakin iyakar Nijar, inda itace ke ƙara wuya har ake dasa shingen bishiyoyi don tare hamada, cewa ya narka ninki biyu don tukunya ɗaya. Zai dube ka ne kawai. Ramin nan nasa guda ɗaya yana aiki uku: shi ne mazurari, shi ne ƙofa, shi ne kuma rumbu, domin ƙarfe mafi zafi a nan yake tsayawa yana ciyar da gindi, wurin da ya fi kauri kuma wanda zai sha wuta. Ta fuskar tattali, dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma littafin da aka rubuta da tunanin motocin tsere da jiragen sama bai damu ya yaba irinta ba.

Ina da wani ƙorafin game da Campbell. Da tafiya ta yi nisa, a rubuce-rubucensa na baya ya riƙa jingina kusan kowace irin tsagewar ƙarfe ga ninkakkiyar yana, har a baƙin ƙarfe. Masana da yawa ba su bi shi har can ba, musamman da yake abin siriri ne da wuyar gani ko da madubin bincike, don haka da wuya a tabbatar, da wuya kuma a ƙaryata. A alminiyom dai hujjarsa tana da ƙarfi. Amma mai karanta shi ya san yana karanta mutumin da ya ga gaskiya ɗaya babba har ta kusa rufe masa sauran.

To ina maƙerin ba shi da uzuri? A wuraren da gyaran bai cin ko sisi. Ɗaga ludayi sama, ko don gudun zafi ko don gwaninta, ƙarin gudu ne kawai da ƙarin kumfa. Bakin ludayi ya kamata ya kusa taɓa yashi. Zuba kai tsaye cikin rami ma haka: in aka kwarfe ɗan tafki a gefen ramin da cokali, aka bar ɗan tudu tsakaninsu, ƙarfen zai fara sauka a tafkin, kumfa da datti su taso, mai tsabta ya tsallaka tudun ya shiga. Sandar da ake yin rami da ita, a fiƙe ta ta zama mai tsukewa, kuma kada ta yi faɗin da ludayi ba zai iya cika ta ba. In an fara zuba kada a yanke, ko na ƙiftawar ido, don kowace yankewa sabuwar yana ce. Sannan dama narki kamar ana dama fura, wanda wasu ke yi don su ga ko ya narke, tura yanar sama ne zuwa ciki da hannunka. A kwashe ta gefe a hankali ya fi.

Akwai ma dabarar da ta girmi Campbell. A farkon ƙarni na 20 wani Bafaranshe, Pierre Durville, ya fito da hanyar karkata mazubi a fara zuba sannan a riƙa miƙar da shi a hankali, don ƙarfen ya gangara maimakon ya faɗa. Kai ma kana yin haka in ka karkata kofi don kada lemo ya yi kumfa. Ga ƙananan tukwane da murafai da ludaya, wannan abu ne da za a iya jarrabawa da bulo ɗaya a ƙarƙashin akwati.

Kuma kada a manta da danshin yashi. In ruwa ya yi yawa, ɗigo ɗaya yakan zama tururi mai girma fiye da ninki 1,600. Ƙaramin abin da zai yi shi ne ya huda bangon tukunya. Babban kuwa ya watso narkakken ƙarfe ta ramin zuwa ƙafar yaron da ke tsaye da silifas. 'Yan hujojin da ake yi wa yashi da tsinken waya don tururi ya fita ba ado ba ne.

Nan ne nake ganin mu masu bincike muna da namu kason. Mujallunmu cike suke da awon yashin kogi kaza da lakar gari kaza, ƙarfinsa da danshinsa, kuma aikin yana da amfani. Amma tambayar da ta fi kusa da aljihun maƙeri mai sauƙi ce: a ɗauki narki ɗaya, a zuba tukwane ashirin yadda aka saba, a zuba ashirin da tafki da rami mai tsukewa da ludayi a ƙasa, a cika su da ruwa a kwana, a ƙirga masu ɗiga. Ɗalibin ajin ƙarshe zai iya wannan a mako biyu, a cikin maƙerar, tare da mai ita. Haka nan masu shirin tallafa wa sana'o'i: injin hura wuta yana da kyau, amma zai ƙara saurin narki ne kawai, ba zai taɓa abin da ke faruwa a cikin ramin ba. Ƙarin zafi ma, in ya wuce kima, ƙarin haidirojin ne.

Irin ƙarfen fa, ba shi da tasiri ke nan? Yana da shi, kuma maƙera sun fi kowa sani. Fistin na injin mota yana ɗauke da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, wanda ke sauko da zafin narkewa zuwa wajen digiri 577, ya sa ƙarfen ya yi gudu sosai a siririn fili, ya kuma rage tsukewa. Gwangwanin lemo kuwa silikon ɗinsa kaɗan ne, ga shi duk fata ne da fenti, don haka datti da yana yake ƙarawa. Shi ya sa ake gauraya su. Amma a nan ne maganar sunan nan ta dawo.

Dalma ta gaskiya, wadda gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, tana iya shiga kaskon maƙeri tare da tarkace: likin lagireto, kan batir, ƙananan nauyin da ake maƙala wa ƙafar mota, da wasu nau'o'in alminiyom da aka sa musu ita don su yi sauƙin yanka. Tana narkewa tun a digiri 327, don haka ba ta nuna kanta a kasko. Kuma ba ta gauraya da sandararren alminiyom sosai, sai ta zauna a matsayin ƙananan ɗigo-ɗigo a jikin tukunya. A 2014 Jeffrey Weidenhamer da abokan aikinsa suka gwada tukwanen zubi na Kamaru, suka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, suka sami dalma ta fito. A 2017 suka faɗaɗa gwajin zuwa kayan girki 42 daga ƙasashe 10, matsalar ta sake bayyana a da yawansu. Girkinmu kuwa yana son tsami, ga tsamiya ga yakuwa ga tumatir ga zoɓo, sannan ga kanwa da ita ma take cin fatar alminiyom. Bango mai ƙofofi da ninki yana ba su ƙarin wurin ci, don haka zubi mai kyau yana ɗan ragewa. Amma tafki da maƙogwaro ba sa tace dalma. Tukunyar da ta yi ƙara mai daɗi, wadda rana ba ta ɓullo ta jikinta ba, wadda ba ta ɗiga ko sau ɗaya ba, tana iya ɗauke da ita. Wannan kam a tulin tarkace ake raba shi, da hannu, kafin a hura wuta: duk abu mai nauyi fiye da girmansa, mai laushin da farce ke yi masa zane, a ware shi gefe. A gida kuma, miyar tsami da zoɓo kada su kwana a cikin tukunyar zubi, musamman in yara ne za su sha.